Sakan Goman Malam Makau

"Sau huɗu nid danna," in ji Inna Sahura, matar Malam Makau. "Huɗu, yadda kak koya min, sannan babban maɓallin. Ga abin da tab ba ni."

Fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya, lambobi na ta gudu a kai suna canzawa. Ban taɓa ganinta haka ba. Malam Makau na jingine da bango a kan tabarma, gumi ya jiƙa gaban rigarsa, yana dukan ƙasa da hannun hagu. Bakinsa na motsi, amma gurnani ne ke fita, da yawu.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun jiya da la'asar. Na ce aiki takai, bari ta ƙare. Har tam mutu. Da sahe anka kawo wuta kaɗan, nis sa ta caji, nis sake dannawa. Ga shi kuma."

"Me ya hana ki aika a kira ni?"

"Kana wurin aikin mutane." Gaskiya ne, aiki ya riƙe ni a shago, tun jiya da safe ban leƙo ba.

Na kashe, na kunna. Baƙin allon nan ya fito da jerin layukansa, sakan goma na ƙirguwa a ƙasa. Na duba. Da layi biyar ne, yanzu bakwai. Windows da ke na biyar ya koma can ƙarshe. Wanda ya danna kibiyar ƙasa sau huɗu yanzu, cikin wani gwaji na inji zai faɗa, gwajin da ba ya ƙarewa.

Na danna sau shida. Windows ya buɗe da nawarsa ta kullum. Na buɗe farar takarda, na tura kwamfutar gaban gwiwar Malam. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Sai da ya kusa minti uku.

FITSARI BAI FITA TUN JIYA. MARA.

"Mi yac ce?" in ji Inna.

Na gaya mata ina kallon ƙasa. Ta dafe kai ta zauna a bakin ƙofa. Tun jiya kunu take ɗura masa da jiƙo, tana zaton yunwa ce ko zazzaɓi.

A motar Dalhatu mai kai hatsi kasuwa muka ɗauke shi. A asibiti aka sa masa robar fitsari. Malamin asibitin da ya sa robar ya dube ni ya ce, "Me kuke jira tun jiya?" Wanda ya kamata ya amsa yana Kaduna.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Malam Makau a Anka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga tafireta a kotu. Da ya yi ritaya ya sayi laftof ta hannu, yana buga wa mutane takardun koke da na neman aiki a zaurensa. Shi ya koya min bugu bayan na gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, ina zaune gida ina jin haushin kowa. In na kalli maɓallai sai ya sauke min rula a bayan hannu. Dalilinsa na sami aiki a shagon buga takardu na bakin tasha.

Bara da kaka ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ɓarin dama ya tafi, harshe ya tafi, hankali na nan garau. Biro ba ya zama a hannun hagunsa saboda rawa. Tsohuwar tafiretar tana son ƙarfin da ba shi da shi. Laftof ce kaɗai ke karɓar taɓawa, sai ta zama bakinsa. Inna ba ta yi boko ba, amma ta haddace surar wasu kalmomi: RUWA, ZAFI, SALLA, JUYA NI, KIRA ZAYYAD. Zayyad ni ne. Abin da ya wuce waɗannan ni nake karantawa, da safe kafin in fita da kuma yamma in na dawo.

Sai Mas'ud, ɗansu na fari, shi kaɗai namiji. Kwamfuta yake karantawa a Kaduna. Tun kafin ciwon ya raba cikin injin biyu, ya zuba wani tsari da suke aiki da shi a makaranta, Linux, ya kuma sa nasa a sama. In ka kunna ba ka taɓa komai ba, bayan sakan goma nasa ke buɗewa, ya tsaya yana tambayarka kalmar sirri. Lokacin da Malam ke da hannu biyu abin dariya ne a wurinsa. Yakan ce ya ba baƙo ɗaki, baƙo ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Da ciwo ya zo na koya wa Inna danna huɗu, muka ci gaba a haka.

Makon da ya wuce Mas'ud ya zo ya yi kwana uku. Rana ɗaya cur ya ɗauki injin ya tafi da shi Gusau, wai zai sabunta nasa a wurin intanet. Ya dawo da shi, ya koma makaranta ran Lahadi. Bai ce wa kowa jerin ya canza ba. Ina jin bai ma lura ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Daga barandar asibitin na kira shi.

"Zayyad, ya ake ciki?"

"Babanka na asibiti."

Ya yi salati. Ya yi ta tambayoyi, ya damu, ba zan yi masa ƙarya ba. Na gaya masa komai, har da shuɗin allon.

"Ba ni kalmar sirrinka," na ce. "Ko ka gaya min yadda zan mai da na Malam sama."

"Wannan ba abin yi ta waya ba ne. Fayil ne na tsarin inji. Ka kuskure harafi ɗaya, duka biyun ba za su tashi ba."

"To ba ni kalmar, in kuskure."

"Aikina na ƙarshen shekara na ciki. Filashina ta lalace, kwafin da ya rage ke nan. Wata huɗu ina yinsa. Ba raini ba ne, amma kai bugun takarda ka iya."

"Ba raini ba ne."

"Ku danna shida mana. Huɗu da shida meye bambancinsu? Ƙarshen wata ina tafe. Aikin minti biyu ne."

"Minti biyu. Kuma kwana uku ka yi a gida."

Ya fara wata magana, na kashe.

Kwana biyu aka sallame mu. Malam ya dawo da roba da jakarta rataye a gefen tabarma, ya rame, idonsa ya faɗa. Na zaunar da Inna zan koya mata sabon ƙirgen. Ta ɓoye hannuwanta cikin zane.

"Shekaranjiya huɗu, yau shida. Gobe nawa?"

"Shida ne, Inna. Ba zai sake canzawa ba."

"Haka kac ce wancan karon. Hannuna yas sa shi kwana da ciwo, ina ba shi kunu. Ba ni ƙara taɓa ta."

Na yi lallashi, na yi faɗa-faɗa. Ta tashi ta tafi madafa.

Malam ya yi min alama in matsa, zai gwada da kansa. Na zauna ina kallo. Ya danna maɓallin kunnawa, wannan ba wuya, babba ne kuma shi kaɗai yake a sama. Daga nan zuwa kibiya tafiya ce. Danna ɗaya ya isa ya tsayar da ƙirgen, amma hannun ya taso yana rawa, ya wuce, ya dawo, goma ta cika. Na Mas'ud ya buɗe da ɗan kiɗan gangarsa. Muka kashe. Karo na biyu yatsan ya isa da wuri, sai ya sauka kan kibiyar da ke kusa, ita kuma nan take ta buɗe layin farko. Ganga kuma. Karo na uku ya dace, ya sauko har ƙasa, sai batir ya fara ƙyafta ja. Batirin nan minti ashirin da biyar yake yi in ya cika, wuta kuwa sai ta ga dama.

Wannan fa shi ne mutumin da na sha gani yana bugu idonsa na kan taga, yana hira da mai ƙara.

Washegari na zo da faifan Windows daga shago. Na buɗe masa takarda, na nuna masa faifan.

"Malam, da wannan zan share ƙofar Mas'ud gaba ɗaya. Kana kunnawa naka zai buɗe. Ba jeri, ba ƙirge."

A'A.

"Shi ya kai ka asibiti."

KAYANSA NE.

"Injinka ne. Da guminka ka saya."

Ya daɗe yana neman haruffan. YARONA NE.

Na ce yaronka ya ɗauke maka baki ya tafi da shi Gusau yini guda, yaronka ya fi son aikin makarantarsa a kan marar ubansa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya bar ni na gama. Sannan ya buga:

GYARA. KADA KA GOGE.

Ya huta, ya ƙara a ƙasa:

KULLUM GAGGAWA.

Inna na tsaye a ƙofa da kwanon ruwa. Ba ta san abin da ya rubuta ba, amma ta ji ni. Ba ta kiran sunan Mas'ud, kunyar ɗan fari.

"Wancan yaron ba mugu ba na, Zayyad," ta ce. "Hankali nai na can gaba, bai waiwaye."

"Shi ke nan ai, Inna. Sai mu mu yi ta waiwaye."

A Anka ba wanda ya san wannan tsari. Mai shagonmu ya ce in je Gummi wurin wani Jatau mai gyaran waya da kwamfuta, ya yi shekaru a Legas. Ran Alhamis na buɗe wa Malam takardarsa da safe, na bar masa injin, na shiga mota. Zafin bazara ne, mu huɗu a layi, da buhun wake a kan ƙafata. A mararrabar Bukkuyum direba ya tsaya neman fasinja har na sauka na zage shi, ya rama.

Shagon Jatau rumfa ce ta kwano, wayoyi a buɗe birjik a kan tebur. Yana shan rake yana tofar da ɓawo a kwali. Na yi masa bayani a tsaye.

"Zauna mana, mutumin Anka. Injin na ina?"

"Mai shi na magana da shi."

"Duk muna magana da su."

"Shi ba shi da wani bakin."

Ya ajiye raken. Ya yage bayan kwalin batir, ya fara rubutu. In jerin ya fito in zaɓi layi na biyu, na gyara. Zai kai ni wani baƙin allo. In buga kaza, in buɗe fayil kaza, in nemi layin da aka rubuta default da sifili a gabansa.

"Kalmar sirrin fa?"

"Ba ruwanka da ita. Ɗan bokon naku ƙofar gaba ya kulle, ta baya na nan hangame." Ya yi dariya. "Sifilin nan za ka cire, ka sa lambar layin Windows. Ka ajiye, ka fita. Shi ke nan."

"Kayansa ba za su taɓu ba?"

"Ko ƙura. Amma ka ga wajen lambar nan..."

Wata mata ta kutso da waya a cikin leda, wai ta faɗa tukunyar miya, mijinta zai kira da azahar. Jatau ya karɓa yana shinshinawa, yana tambayarta kuka ce ko kuɓewa. Na jira kaɗan. Na ji ɗan kamasho na kiran Anka saura mutum ɗaya. Na ninke kwalin na sa aljihu.

"Tsaya ka sha ruwa," in ji Jatau.

"Sauri nake."

Ran Juma'a da hantsi na zauna gaban Malam da kwalin. Wutar da aka kawo da dare ba ta daɗe ba, batir bai kai rabi ba. Na bi rubutun Jatau harafi-harafi. Ƙofar bayan ta buɗe kamar yadda ya ce. Na sami layin, ga sifilin. Windows na bakwai ne a jeri, na ƙirga sau biyu da yatsa a kan gilashin. Na goge sifili, na sa bakwai. Na ajiye, na kashe.

"Inna, zo ki gani." Na tura injin gabansa. "Malam, kunna da kanka. Kada ka taɓa komai bayan nan. Ka zauna kawai kamar alƙali."

Ya danna. Jerin ya fito. Farin layin da ke nuna wanda zai buɗe na nan a sama inda yake kullum. Na ce wataƙila sai ƙirgen ya ƙare. Uku, biyu, ɗaya. Ganga.

Inna ta juya ta koma madafa. Malam ya dube ni, rabin bakinsa mai rai ya ɗaga. Dariya yake yi. Na fizgo injin zan sake shiga, fuskar ta yi baƙi. Batir ya ƙare.

Na zagi Jatau, na zagi Mas'ud, na zagi wanda ya ƙirƙiro jerin. Na naɗe wayar caji, na sa injin a jaka.

"Zan kai shago in sa a janareta."

Ina miƙewa Malam ya kama bakin wandona da hannun hagu. Ya yi wannan gurnanin nasa, ya daɗe yana yi. Idonsa na kan jakar.

"Ba caji a ciki, Malam. Ko na bar ta ba ta da amfani. Yanzu zan dawo."

Bai saki ba. Na sunkuya na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na ɗora masa hannun a cinya. Hannun da zafi. Na lura, na kuma fita.

Kafin a kira sallar Juma'a batir ya cika. Wannan nake so a sani. Da na ɗauka a lokacin na kai masa, na danna shida, da ya sami minti ashirin da biyar. Amma ban so in koma in sake ganin rabin dariyar nan ba. Na je masallaci, na dawo. Mai shago ya tafi gida, ya bar min makulli. Na rufe ƙofar gaba, na shige ɗakin baya inda janareta ke ruri, na buɗe injin.

Na sake sa bakwai, ko ban ajiye da kyau ba. Ganga. Na sa takwas. Ganga. Na kira Jatau, wayarsa a kashe. Na karanta kwalin har ya yi laushi a hannuna. Wajen la'asar na ji ana buga ƙofar gaba, an daɗe ana bugawa. Na ce masu hoto ne ko masu takardar makaranta, su dawo gobe. Ban tashi ba.

Na mai da sifilin inda yake, na zauna ina kallonsa. Sifili aka rubuta, kuma layin farko ke buɗewa. To in na farko sifili ne, na biyu ɗaya ke nan. Na ƙirga da yatsu. Na bakwai shida ne. Shida, daidai yawan dannawar da nake ta koya wa Inna. Injin ba daga ɗaya yake fara ƙirge ba, kuma da ka ba shi lambar da babu sai ya koma na farko abinsa. Abin da Jatau zai gaya min ke nan lokacin da matar ta shigo.

Na sa shida. Na kashe, na kunna, na naɗe hannuwana. Farin layin ya fito a can ƙasa, kan Windows. Goma ta cika, ya buɗe da kansa. Na sake gwadawa. Na sake, karo na uku, don daɗi kawai. Na duba na Mas'ud, yana nan yana tambayar kalmarsa, ba abin da ya same shi.

Biyar ta wuce lokacin da na fito. Ban hau mashin ba, da ƙafa na tafi, ina shirya abin da zan ce masa game da gaggawa.

Tun daga kan kwana na ga tabarmi a ƙofar gidan. Takalma a bakin zaure, da yawa. Dalhatu ya taso ya tare ni.

"Ina ka shiga? Na je shago na yi ta bugu."

"Yaushe?"

"Bayan la'asar. Lokacin da sauran numfashi." Ya dubi jakar da ke kafaɗata. "Sai haƙuri. An gama wanka, kai ake jira ka sa hannu a makara."

Kafin magariba muka rufe shi. Na ɗauki makara, na zuba ƙasa, duk da jakar a bayana, don ban san inda zan ajiye ta ba. Wani tsoho ya ce in sauke kayan nan mana, wurin nan ba ofis ba ne. Na yi kamar ban ji ba.

Mas'ud ya iso washegari da azahar, idonsa jajur. Ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa. Da mutane suka ragu na ajiye masa jakar a gabansa. Ya daɗe bai taɓa ba. Can ya buɗe, ya kunna, yana kallon wani wuri. Da ya waiwayo Windows ne a gabansa.

"Wa ya shiga min?"

"Ni."

"Na ce maka kada..."

"Aikinka na nan, ka duba. Harafi ɗaya na canza."

Ya dubi injin, ya dube ni.

"Minti biyu ne, kamar yadda ka ce," na ce.

Ya sa fuska a cikin hula. Kwana goma ina tara masa magana. Ina son in ɗaga shi da wuyan riga in gaya masa a gaban mutanen unguwa. Amma in na fara, dole a zo kan inda injin yake ran Juma'a da la'asar, da wanda ya ji bugun ƙofa. Na tashi na bar masa zauren.

Bayan sadakar uku, da hantsi, Inna ta aiko in shiga. Tana ɗakin Malam, cikin takaba, zaune a ƙasa. An kwashe robar da jakarta, an share ɗakin, amma tabarmarsa na nan a shimfiɗe jikin bango. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta.

"Matso," ta ce. "Tambaya gare ni. Kai kas san wurin haruffan nan."

Na matsa.

"Bayan ka hita, ya yi ta kallon ƙofa. Da zazzaɓin yat tashi sai yab bar kallo. Yaj jawo hannuna, yan nuna min tabarma, yana bugawa da yatsa kamar injin na gaba nai. Ya buga, ya dube ni. Ya sake bugawa, ya dube ni. Na ce ruwa? A'a. In juya ka? A'a. Abu guda yaka ta maimaitawa, har hannun yag gaji." Ta gyara zama. "Na riƙe wuraren. Duba."

Ta ɗora yatsa a kan tabarmar. Nan. Ta matsa dama kaɗan, nan. Ta koma hagu, ƙasa-ƙasa, nan. Ta tsaya, ta yi tunani, ta ƙara ɗaya a sama.

"Ko wannan ya riga wancan. Amma haka na. Mi yac ce?"

Na kalli wurin. Saƙar kaba ce kawai, ba layi, ba gefe, ba inda zan ce daga nan haruffa suka fara. Na ce ta sake. Ta sake, wannan karon tazarar ta fi faɗi. Na rufe ido na shimfiɗa yatsuna goma a kan tabarmar yadda ya koya min, na ce ta buga a tsakaninsu. Ta buga. Ba abin da ya fito. Zai iya zama kowace kalma.

"Ban sani ba, Inna."

"To," ta ce.

Ba ta ce in tafi ba, ni ma ban tashi ba. A waje wata mai gaisuwa na sallama, ba wanda ya amsa mata tukuna. Inna ta sunkuyar da kai, yatsanta na kan tabarmar. Nan, nan, nan. Ta tsaya, ta koma farko.